KIWON LAFIYA: Ciwon ƙirji bayan mura

Mura takan wuce cikin mako 1 ko 2. Amma wani lokaci ƙwayar cutar da ta kawo ta, wadda likitoci ke ce wa birus, takan kai ga naman zuciya har ya kumbura. Sai mutum ya ji ciwon ƙirji da haki, zuciya na bugawa da sauri. Ƙafafu ma kan kumbura.

Mutane da yawa sukan sayi ibuprofen ko diclofenac wurin masu tallar magani a kasuwa. Magungunan nan suna rage zafi da kumburi, amma ba su kashe birus. Suna riƙe gishiri da ruwa cikin jiki, suna wahal da ƙoda. Zuciyar da ta raunana sai kaya ya yi mata yawa. Kortizon ma, likita kaɗai ke ba da shi, bayan awo.

Wanda ya ga alamun nan ya tafi gidan likita tun da wuri. In ciwon ya tabbata, manomi ya aje hauya, makiyayi ya bar jan guga, wata 3 zuwa 6. Dangi su yi masa gayya. Damana za ta dawo, zuciya kuwa guda ce.