Ba Kowane Ciwon Baya Ne Basir Ba

Da wuya mutum ya ratsa kasuwa a ƙasar Hausa bai ji mai tallan magani yana shela da lasifika cewa duk ciwon baya basir ne ko sanyi ba. Babu shakka yawancin ciwon baya kan lafa da kansa bayan 'yan makonni. Amma akwai wani iri wanda jinkirin kwana ɗaya ko biyu kan zaunar da magidanci har iyakar ransa, kuma wajibi ne jama'a su san shi.

Laka ta taso ne daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya, amma ba ta kai ƙarshensa ba. A jikin babban mutum takan tsaya daidai ƙashi na farko ko na biyu daga cikin ƙasusuwa 5 na tsatso. Daga nan sai jijiyoyi su zubo ƙasa a dunƙule kamar wutsiyar doki, wanda shi ne sunan da likitoci suka laƙaba musu da Latinanci. Ƙarshen lakar da waɗannan jijiyoyi su ne ke sarrafa ƙafafu da mafitsara da dubura da al'aura. In wani abu ya danne su, dukan waɗannan ayyuka suna iya tsayawa.

Abin da ya fi danne su shi ne faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya idan ya ɓullo daga mazauninsa. Haɗarin mota da faɗowa daga bisa da ƙari su ma suna jawo haka. Sai kuma tarin fuka mai cin ƙashin baya, wanda wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana tun 1779, kuma ana ba da maganinsa kyauta a asibitocin gwamnati a Nijeriya. Haka nan tsargiya, wadda ake ɗauka a tafkuna da magudanan noman rani, wani lokaci ƙwayayenta kan maƙale a ƙarshen laka su kashe ƙafafun saurayi mai ƙarfi.

Alamun ba su da wuyar ganewa. Duk mai ciwon baya da ya ji ciwon ya sauka ƙafafu biyu, ko ƙafafun sun yi rauni, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai ya sage har ba ya jin taɓawar ruwa lokacin tsarki, ko fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zuba bai sani ba, to, kada ya kwana a gida. Idan danniya ce, aikin tiyata ya fi amfani cikin awa 24 zuwa 48 da bayyanar alamun. Jijiyar da ta daɗe a danne sau da yawa ba ta komawa daidai.

Abin takaici, waɗannan awoyi masu tsada kan ƙare ne a wurin ƙaho da tsaga da jiƙe-jiƙe, ko a neman wanda ya yi sammu. Kunya kuma tana ƙara dagula al'amarin. Dattijo ya gwammace ya ce bayansa ke ciwo da ya faɗa wa likita cewa ya jiƙa shimfiɗa, mace kuwa ta fi shi nauyin baki. Alhali kuwa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wannan maganar da ake nauyin faɗa ita ce za ta sa likita ya gaggauta.

Amma ba adalci ba ne a ɗora wa talaka laifin duka. Na'urar MRI, wadda ke nuna inda danniyar take, sai a manyan birane ake samunta, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin manomi. Likitocin tiyatar laka kaɗan ne. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato ba za su amfani mutumin ƙauye ba in bai isa gare su a kan lokaci ba.

Saboda haka ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su horar da malaman asibitin karkara su riƙa tambayar duk mai ciwon baya game da fitsarinsa, su kuma tura shi gaba a ranar in sun ga alama. Ƙananan hukumomi su tanadi motar ɗaukar marasa lafiya. A yi wa irin wannan majinyaci hoto da aiki tukuna, maganar kuɗi ta biyo baya. Gidajen rediyo su yayata alamun, sarakuna kuma su tara maɗora da wanzamai su nuna musu inda aikinsu ya tsaya.

Kuɗin hoto da tiyata, kome yawansu, ba su kai asarar magidanci guda da zai shafe sauran shekarunsa a kwance iyalinsa suna jinya ba. Allah ya sa masu hakki su duba.