Godiya ga Allah da ma'aunin gamsuwa da rayuwa



Wani lokaci masu bincike kan raba wa ɗaliban jami'a takardar tambayoyi, su nemi kowa ya faɗi yadda ya gamsu da rayuwarsa. Wadda ta fi shahara ita ce wadda Ed Diener da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1985, suka fara gwada ta a kan ɗaliban Jami'ar Ilinoyi. Jimloli 5 ne, kowace ana ba ta maki daga 1 zuwa 7, jimillar maki ta kama daga 5 zuwa 35.

Ra'ayina shi ne, mudun da aka sassaƙa a wata kasuwa, sai an gwada shi kafin a auna hatsinmu da shi. Ku dubi jimla ta biyar, wadda ke tambayar mutum ko zai sauya wani abu da a ce za a maimaita masa rayuwarsa. Ɗalibi a Maraɗi zai iya cewa ba zai sauya kome ba, saboda yarda da ƙaddara, alhali da yunwa ya kwana. Wani a Damagaram zai ce zai sauya da yawa, saboda nadamar zunubansa, alhali zuciyarsa a natse take. Duk su biyun gaskiya suka faɗa, amma makin ya juya labarinsu. Irin wannan bambanci sananne ne: wani bincike na 1995 ya nuna ɗaliban Japan da Taiwan sun fi takwarorinsu na Amurka zaɓen amsar tsakiya.

Don haka akwai amana biyu. Ta farko tana kan mai bincike. Ya fassara tambayoyin zuwa Hausa ko Zabarmanci, wani daban ya mayar da fassarar zuwa harshen asali, a ga inda ma'ana ta zame. Ya maimaita gwajin ga ɗalibai ɗaya bayan wata biyu, ya ga ko amsar ta tsaya. Sannan ya zauna da wasunsu ya ji me suka fahimta da kalmar gamsuwa: wadata ce, ko ƙana'a, ko kwanciyar hankali?

Amana ta biyu tana kanmu da ƴaƴanmu. Mun saba da cewa "lafiya lau" ko jiki na ciwo, kuma wannan ladabi ne mai kyau a gaisuwa. Amma takardar bincike shaida ce. Da alƙalumanta ake iya yanke shawarar gina ɗakunan kwana, ko ƙara abinci, ko kawo likita. In ɗalibai ɗari suka ɓoye ƙuncinsu, za a rubuta cewa ba su da matsala. Faɗin halin da ake ciki ga wanda zai iya taimakawa bai warware haƙuri ba, kamar yadda marar lafiya ke nuna wa likita inda ke masa ciwo yana mai gode wa Ubangijinsa.

Ya ku iyaye, ku gaya wa ƴaƴanku na Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram: su ce alhamdulillahi da zuciya ɗaya, sannan su rubuta gaskiya.

Allah ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.