A Kai Horo Gareji, Can Fanel Bita Yake

Idan mota ta yi karo aka ja ta gareji, bayan sati biyu ta fito tana sheƙi, mai ita kan zagaya ta ya shafa ƙofa, ya duba ko launin fenti ya zo ɗaya, ya biya ya tafi yana sa wa oga albarka. Abin da idonsa ba ya kai wa shi ne ƙarfen da ke ƙarƙashin fentin, wato ko zai iya tare masa rai idan aka sake yin karo. Ƙwarewar hannun masu gyaran jikin mota a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo a Abuja, ba abin musu ba ce. Sai dai mota ta canza ta bar iliminsu a baya, kuma horon da zai cike wannan giɓi dole ya bi su har gareji, ya fara da oga kafin yaro.

Ogogin da suka koyi sana'a zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya cika titunanmu da 504, sun saba da ƙarfe mai taushi. Ka hura masa wutar gas ya yi ja, ka bi shi da guduma, ya koma yadda yake. Motocin yau ba haka aka ƙera su ba. An tsara gaba da baya su lanƙwashe da gangan don su shanye ƙarfin karo, sannan ginshiƙan da ke kewaye da fasinja an yi su da ƙarfe mai tsananin ƙarfi wanda zafi ke lalatawa. Duk wanda ya gasa irin wannan ginshiƙi ya miƙe shi, a ido ya gyaru, amma ƙarfinsa ya tafi, shi ya sa masu ƙera motoci ke cewa a canza shi ɗungurungum. Wasu motocin ma da alminiyam aka yi jikinsu, kamar Ford F-150 daga 2015, kuma walda da kayan aikinsa daban suke. Ga na'urorin da ke tayar da jakar iska, ga kyamara da ke maƙale a bamba da gilashi. A haɗa wannan da yawan motocin da suka yi haɗari a Amurka, ake saye a gwanjo a shigo da su don a gyara a sayar, za a ga cewa aikin fanel bita ya zama maganar rai, ba ta kwalliya kaɗai ba.

Mai fenti kuma da lafiyarsa yake biya. Fentin zamani da ake haɗawa da sinadarin busarwa yana ɗauke da aisosayanet, wanda likitoci suka daɗe da sanin yana jawo asma ga masu fesa shi. Tsumma a hanci ba ya tare shi, takunkumin ƙura ma haka. Yaro ɗan shekara goma sha biyar da ke fesa fenti a ƙarƙashin bishiya bai san wannan ba, don ogansa ma ba wanda ya taɓa gaya masa.

Za a ce ai akwai makarantu. Gaskiya ne. Asusun horar da ma'aikata na ITF na nan tun 1971, hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna tun 1977, NABTEB mai shirya jarrabawar sana'o'i tun 1992, kuma an taɓa sa gyaran jikin mota da fenti cikin darussan sana'a na manhajar babbar sakandare. Amma a je kwalejin fasaha a ƙirga masu koyon wannan aiki, sannan a shiga gareji ɗaya a ƙirga yara. Uba yakan kama hannun ɗansa ya kai wa oga, ba shugaban makaranta ba, domin a gareji yaro na samun na abinci tun yana koyo, yana kuma taɓa mota ta gaske kullum. Oga ɗaya zai yaye yara da dama a rayuwarsa, kowannensu ya ɗauki daidai da kuskurensa ya tafi da su. Saboda haka kuɗin da aka kashe wajen gyara ilimin oga ya fi wanda aka kashe a ginin aji yaɗuwa. Hanyar ma an riga an share ta: tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da NBTE ke kula da shi ya amince a gwada mutum a kan abin da ya iya da hannunsa a ba shi takarda, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta yi irin wannan haɗin gwiwa da masu sana'a na Panteka. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa shi ta hannun ƙungiyar makanikai ta NATA, a yi darasi da Hausa, da yamma ko ranar da gareji ba ya cika, a kan motar da ke gaban oga.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na kuɗi. Oga zai ce ko ya san daidai, mai mota ba zai biya sabon ginshiƙi ba, ciko da fenti yake so, kuma injin jan ƙarfe da ɗakin fesa fenti sun fi ƙarfin aljihunsa. Wannan magana ce ta gaskiya, amma ba ta rushe hujjar ba. Sanin inda ba a kai wa wuta, da auna jikin mota kafin a yi walda, da sa takunkumin da ya dace, duk ba su buƙatar miliyoyi. Manyan kayan aiki kuwa ba lallai kowane gareji ya mallaka ba. Gwamnatin jiha ko ƙungiya za ta iya girka ɗaki ɗaya a kowace matattarar makanikai, a riƙa biyan haya gwargwadon aiki, kamar yadda ake kai niƙa inji. Su kuma kamfanonin inshora da ma'aikatun gwamnati, da suke da motoci da yawa, idan suka ce gareji mai shaida kaɗai za su ba aiki, oga da kansa zai nemi inda ake gwajin.