A Kan 'Ya'yan Wa Ake Koyon Aski?

Likita ya gama jami'a, sai ya shekara yana aiki a ƙarƙashin manyansa kafin a sakar masa marasa lafiya. Lauya ma sai ya ƙara shekara a makarantar horar da lauyoyi. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta, sabon shiga ba ya taɓa abin da jama'a ke amfani da shi sai wani gwani ya bi aikinsa layi-layi, alhali abin da zai ɓata ana iya gyara shi kafin la'asar. Amma mai digirin kimiyyar sinadarai da aiki ya ƙi samuwa, alli kawai ake miƙa masa a nuna masa ƙofar aji. Abin da zai ɓata a nan kuwa ba ya gyaruwa.

Za a ce ai an yi maganin wannan. Tun 1993 aka kafa hukumar rajistar malamai ta TRCN, kuma mai digirin da bai karanta fannin ilimi ba ana buƙatar ya yi difilomar koyarwa ta bayan digiri, wato PGDE. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana yin ta, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tana yin ta daga nesa. A takarda komai ya yi daidai.

To mu duba cikin tukunyar. Kwas ne na kimanin shekara guda, mafi yawansa tarihin ilimi, falsafar ilimi da ra'ayoyin su Piaget. Ba na raina waɗannan. Amma gwajin koyarwa, wanda shi ne zuciyar sana'ar, 'yan makonni ne, kuma yawanci ɗalibi kan nemi makarantar da ke kusa da shi a cikin gari, inda mai duba shi zai iya leƙowa ya koma ofis kafin azahar. Daga nan sai jarrabawar TRCN ta zaɓi-ka-danna a kwamfuta. Ni sana'ata ce, na san iyakar abin da irin wannan jarrabawa ke aunawa: tana auna haddar amsa. Ba ta san ko mutum zai iya tsayar da hankalin aji cike maƙil da rana tsaka a watan Afrilu ba.

Yanzu ɗauki wannan mai takarda ka kai shi Shinaka a ƙasar Goronyo. Yaron da zai tarar a aji ɗaya na ƙaramar sakandare ya san lokacin dashen albasa, ya san yadda ruwan madatsar Goronyo ke bin magudanai, ya iya lissafin buhu da kwano ba tare da takarda ba. Abin da bai mallaka ba shi ne Turancin da aka rubuta littafinsa da shi. Wa ya koya wa malamin yadda zai ɗauko lissafin kwano ya kai yaron ga lissafin kaso? Wa ya zauna da shi suka nemo yadda ake bayanin matsin iska ko ƙwayar halitta da Hausa mai ma'ana, sannan a ɗora kalmar Turanci a kai? Babu. Sai ya juya baya ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, a tashi. Shekara shida ana haka, ranar WAEC kuma a kama salati, ko a shiga neman satar amsa.

Abin takaici, wannan yanki ya san yadda ake yin malami. Ahmadu Bello ɗan Raba shekara biyar ya yi a Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina, daga 1926 zuwa 1931, kafin ya dawo koyarwa a Midil ta Sakkwato.  Mu kuwa a 2016 shirin N-Power ya watsa masu digiri cikin azuzuwa a kan naira dubu 30 a wata da horon da bai taka kara ya karya ba, muka kira shi ci gaba. Masu yi wa ƙasa hidima ma kullum da su ake toshe giɓi, da sun fara gane sunayen yara sai wa'adinsu ya cika.

Na san uzurin da za a kawo: tsaro. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya tuna abin da ya faru a kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021 ba zai zargi malamin da ya ƙi barin birnin Sakkwato ba. Amma wannan hujja ce a kanku, ba a gare ku ba. Idan baƙo ba zai zo ba, ai sai a horar da ɗan gida. Wurno, Raba da Goronyo ba su rasa matasa masu digiri da ke zaune a bakin titi suna sayar da katin waya ba.

A ɗauke su, gwamnatin jiha ta biya kuɗin PGDE ɗinsu bisa sharaɗin za su koyar a ƙaramar hukumarsu na wasu shekaru. A juya kwas ɗin: shekara cur a cikin aji tare da tsohon malami da ake biya don ya zauna a baya yana gyara musu, lacca kuma ta koma ƙarshen mako da lokacin hutu. A saka darasin koyar da kimiyya da lissafi ta harshe biyu, a mai da shi wajibi. Kada a ba kowa lasisi sai an gan shi yana koyarwa a makarantar da zai zauna, ba a Mabera ko Runjin Sambo ba. Jihar Sakkwato ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi tun 2015. Wannan tsari ba ya buƙatar sabon gini ko ɗaya, wataƙila shi ya sa babu ɗan kwangilar da ya taɓa kai shi gaban gwamna.