Yawon Buɗe Ido Ko Yawon Rufe Ido? Darasi Daga Tsibirin Jeju

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Mun yarda da wannan magana, amma mun sha ganin mutum ya yi doguwar tafiya, ya kashe kuɗi masu yawa, ya komo da tulin hotuna, in ka tambaye shi yadda mutanen wurin suke zaman duniya sai ya yi ta sosa ƙeya. Saboda haka muka ga ya kamata a mujallar makaranta ta bana mu ɗauki wuri guda, wato tsibirin Jeju na ƙasar Koriya ta Kudu, mu duba abin da yake kai mutane can, da abin da ya kamata baƙo ya komo da shi.

Jeju yana kudu da Koriya, cikin teku, kuma shi ne tsibiri mafi girma a ƙasar. Tsawonsa daga gabas zuwa yamma kamar kilomita 73 ne, faɗinsa kamar 31. Mazaunansa ba su wuce 700,000 ba, amma a shekarar 2016 baƙin da suka ziyarce shi sun haura miliyan 15. Daga Seoul, babban birnin ƙasar, tafiyar sa'a ɗaya ce da 'yan mintoci a jirgin sama.

Abin da yake jan mutane da farko shi ne kyan wurin. Aman wuta ne ya gina tsibirin dukansa. A tsakiyarsa akwai dutsen Halla mai tsayin mita 1,947, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Koriya ta Kudu, a ƙwanƙolinsa kuma akwai tafki cikin ramin da wuta ta fito. Kewaye da shi akwai ƙananan tuddai fiye da 360, kowanne tsohon bakin wuta ne. A gabas akwai Seongsan Ilchulbong, inda mutane sukan hau da asuba su ga fitowar rana. Ƙarƙashin ƙasa kuma akwai kogon Manjanggul mai tsawon fiye da kilomita 7. Ɗalibanmu na labarin ƙasa za su gane yadda ya samu: narkakken dutse yana gudu, samansa ya huce ya daskare, na ciki ya ci gaba da malala har ya tsiyaye, ya bar rami kamar bututu. A 2007 hukumar UNESCO ta sa waɗannan wurare cikin kayan gadon duniya.

To, ra'ayinmu shi ne, wanda ya tsaya a nan ya ga dutse, amma bai ga Jeju ba. Dutsen nan da baƙo yake sha'awa shi ne wahalar mai gida. Ƙasar tana da huhu kamar soso, ruwan sama ba ya zama a kanta, sai ya nutse ya ɓullo a maɓuɓɓugan bakin teku. Shi ya sa yawancin ƙauyukan dā suke gaɓar teku, mata kuma suka yi zamani suna ɗebo ruwa da tulu a baya. Shinkafar fadama, wadda ita ce cimar Koriya, ba ta yi sai a wurare kaɗan. Mutane suka dogara ga sha'ir da wani irin gero da dankali. Gonakin kuwa cike suke da baƙaƙen duwatsu, ga iska mai ƙarfi. Manoma suka tsince duwatsun suka jera su katanga ba tare da laka ba, suna barin ƙananan ƙofofi a tsakani, domin iska ta ratsa ta rage ƙarfi maimakon ta ture katangar. An ƙiyasta tsawon waɗannan katangu ya kai kilomita 22,000. Hannun mutane ne ya ɗora kowane dutse a cikinsu.

Haka ma batun abinci. Baƙo yakan nemi gasasshen naman baƙin alade na tsibirin, da taliya cikin romon alade, da kunun shinkafa da naman katantanwar teku, da lemun tanjarin. Kowanne yana da labari. A shekarun 1960 da 1970 mutanen Jeju suna kiran itacen lemun nan "itacen jami'a", domin 'yan itatuwa kaɗan a bayan gida suna iya biyan kuɗin karatun yaro har ya gama. Ɗalibin da ya san da buhu nawa na masara ko dankali aka biya masa kuɗin makaranta na wannan zango ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan suna.

Katantanwar kuwa, wa ya ɗauko ta? Matan da ake kira haenyeo ne, wato matan teku. Sukan nutse har zurfin mita 10 ba tare da tukunyar iska ba, su riƙe numfashi minti ɗaya ko fiye, su ɓamɓaro abin da suke nema daga jikin dutse, su taso da wani irin fito na sakin numfashi. Suna da dokoki a tsakaninsu: akwai lokacin da ba a kamu domin halittun su hayayyafa, ba a ɗaukar ƙanana, akan kuma bar wa tsofaffi wuri marar zurfi domin kada su koma gida hannu wofi. A shekarun 1960 sun wuce 20,000. Yanzu ba su kai 4,000 ba, yawancinsu kuma sun haura shekara 60. UNESCO ta karrama al'adarsu a 2016. Wanda ya ci zomo ya ci gudu. Baƙon da ya ci wannan abinci bai tambayi wadda ta shiga ruwan sanyi dominsa ba, muna ganin bai yi ladabi ba.

Mutanen tsibirin suna cewa suna da abu uku a yalwace: iska, duwatsu da mata. Suna kuma alfahari da rashin abu uku: ɓarawo, maroƙi da ƙyauren gida. A ƙofar gidajen dā sanduna uku ne kawai akan gicciya tsakanin duwatsu biyu. In duka suna ƙasa, mai gida yana ciki. In ɗaya yana sama, ya leƙa kusa. In biyu ne, sai an jima. In uku ne, ya yi nisa. Mu da muke ƙara kwaɗo a kan kwaɗo a akwatunan ɗakin kwana, ya kamata mu tsaya mu yi tunani a kan al'ummar da take sanar wa kowa cewa ba kowa a gida.

Akwai kuma abin da takardun talla ba su cika faɗa ba. Ranar 3 ga Afrilu 1948 tawaye ya tashi a tsibirin kan zaɓen da zai raba Koriya biyu. Wajen murƙushe shi, daga lokacin zuwa 1954, an ƙone ƙauyuka masu yawa, an kuma ƙiyasta an kashe mutane 25,000 zuwa 30,000, wato kusan ɗaya cikin goma na mazauna wurin. Jami'an tsaro ne suka kashe mafi yawansu, cikinsu har da mata da yara da tsofaffi. Shekaru da yawa ba wanda ya isa ya ɗaga maganar a fili. Sai a 2003 shugaban ƙasa Roh Moo-hyun ya nemi gafara a madadin gwamnati. Tsakanin 2007 da 2009 an tono ƙasusuwan mutane fiye da 300 a filin jirgin saman da baƙi suke sauka. Mafaɗar ruwa ta Jeongbang, inda ake layin ɗaukar hoto, tana cikin wuraren da aka kashe mutane.

Wani zai ce, ai mutum hutawa ya je yi da kuɗinsa, don me za a ɗora masa baƙin cikin wasu? Ba mu ce hutu laifi ba ne, ba mu kuma ce a yi ta yawo da ɓacin fuska ba. Kuɗin baƙi kuwa suna ciyar da gidaje da yawa a can. Amma mutanen Jeju da kansu suka gina filin tunawa da waɗanda aka kashe, suka buɗe shi ga kowa a 2008. In mai gida ya nuna maka kabarin ubansa, ba ka ce masa kai lambu ka zo gani ba. Rabin yini cikin kwana huɗu ba zai rage wa kowa daɗin hutu ba.

Har ila yau, yawan baƙi yana da nauyi. Zuma ce, da zaƙi da harbi. Shara ta ƙaru, ruwan ƙarƙashin ƙasa da kowa yake dogara gare shi yana shan matsi, shirin gina filin jirgi na biyu da aka sanar a 2015 kuma ya raba kan mazauna. Harshen tsibirin ma, wanda ya bambanta da na Seoul, UNESCO ta sa shi cikin masu gab da ɓacewa a 2010. Shi ya sa muke yaba wa 'yar jarida Suh Myung-sook, 'yar asalin wurin, wadda a 2007 ta fara shata hanyoyin ƙafa da ake kira Olle, masu tsawon fiye da kilomita 400 kewaye da tsibirin. Mai tafiya a ƙafa yakan gaisa da mutane, ya sayi abinci a ƙauye, ya ga katangar dutse kusa da kusa.

Ya ku ɗalibai, mai yiwuwa kaɗan ne cikinmu za su taka Jeju. Amma tsofaffin duwatsun aman wuta ba su yi mana nisa ba. Akwai su a Panyam da Kerang a Filato, akwai tafkin Pidong a Ampang, akwai tafkin Tila kusa da Biu. In makaranta ta kai mu ziyara, ko hutu ya kai mu garin da ba namu ba, mu gaida dattawan wurin, mu tambayi sunan dutsen da harshensu, mu tambayi wanda ya noma abin da aka ba mu, mu ji abin da ya taɓa faruwa a can, mu kuma kwashe ledojinmu kafin mu shiga mota. Wanda ya saba da haka a gida, ko Jeju ya je ba zai ba mu kunya ba. Allah ya ba mu idon gani da kunnen ji.