Taswirar Ilmi da Matsayin Boɗinga a Cikinta

Duk matafiyin da ya nufi ƙasar da bai sani ba, yakan nemi taswira ko ja-gora kafin ya ɗaura kaya. Haka al'amarin yake ga hukumar da ke raba kuɗin bincike, domin ita ma tana bukatar ta san inda masana suka yi cunkoso da inda aka bari fayau, kafin ta yanke shawarar fannin da za ta zuba wa dukiya. Wannan bukata ce ta haifar da abin da ake kira taswirar rubuce-rubucen ilmi.

Yadda ake zana ta kuwa shi ne, kowace maƙala takan ambaci ayyukan da ta dogara a kansu. To idan aka tattara dubban maƙalu, aka ga wasu ayyuka biyu kullum tare ake ambatonsu, sai a ajiye su kusa da juna. Da haka fannoni ke fitowa tamkar unguwanni, wasu cike da gidaje, wasu kuwa fili. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ya fitar da kundin ƙididdigar ambato na kimiyya a 1964, sannan Henry Small ya fito da dabarar auna ayyukan da ake ambata tare a 1973. A yau daga manyan rumbuna irin su Web of Science da Scopus ake ɗibar bayanan, kwamfuta ta yi zanen.

Babu mai musun amfanin wannan dabara. Sai dai taswira ba ta nuna abin da ba a ba ta ba. Mafi yawan abin da ke cikin rumbunan nan mujallu ne na Turanci, watau rubutun Larabci da ajami na malaman zaure, da kundayen digiri, da mujallun sassan Hausa, kusan duk suna waje.

Ƙasar Boɗinga ta isa misali. A Sifawa, cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga ta yanzu, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa yana wallafa har ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana zaune a Boɗinga kusa da shi. A 1812 Malam Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a hannunsu. A shekarar ce kuma Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, wanda ya kawo labarin malaman ƙasashen nan. Ashe ke nan sanin wa ya karanta me, kuma daga hannun wa, tsohon aiki ne a wannan yanki. Amma duk da haka, wanda ya dogara da rumbunan waje kaɗai zai ga Boɗinga da Shagari kamar dajin da alƙalami bai taɓa ratsawa ba.

Illar wannan iri biyu ce. Ta farko, mai raba kuɗi zai ɗauka babu masana a wurin, sai ya kai tallafin wani waje. Ta biyu, ɗalibi zai ɓata shekara yana nazarin karin harshen Sakkwatanci ko waƙoƙin noma, alhali kuwa wani ya riga ya yi aikin a Kano ko Zariya, kundinsa yana cikin kabad ƙura ta rufe shi.

An riga an aza harsashin gyara. Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Hausa a Rubuce a 1988, John Hunwick kuma ya fitar da juzu'i na biyu na kundinsa kan rubutun Larabci na Afirka a 1995, wanda ya ƙunshi marubutan Daular Sakkwato. Abin da ya rage shi ne a ƙulla waɗannan da aikin jami'o'i. Ya kamata Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Bayero da ta Ahmadu Bello su haɗa sunayen kundayensu da manazartar kowane kundi a rumbu guda, a ƙara da abin da ke ajiye a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da Gidan Arewa na Kaduna. Asusun TETFund, wanda aka kafa a 2011, shi ya fi cancanta ya ɗauki nauyin aikin, tun da shi ne zai fara cin moriyarsa.

Wani zai ce taswira yawan ambato take ƙirgawa, ba ta auna inganci, kuma tana iya sa kowa ya bi inda jama'a suka nufa. Wannan magana gaskiya ce, shi ya sa ba a barin ta ta yi hukunci ita kaɗai. Za ta nuna inda giɓi yake, amma ba za ta faɗi wanne ya fi damun manomin fadama a Shagari ko makiyayin da burtali ya ƙuntace masa ba. Wannan sai an zauna da su an ji daga bakinsu, domin Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.