Ido Ne Ke Kashe Mana Kuɗi

Duk wanda ya shiga Kantin Kwari a Kano domin haɗa lefe ya san dabarar 'yan kasuwa. Shadda mafi tsada ake fara warware masa, ba don ana sa ran zai saya ba. Da zarar idonsa ya zauna a kanta, ta biyun sai ta yi masa araha, alhali ita ma ta fi ƙarfin kuɗin da ya fito da su daga gida.

Haka sha'anin aurenmu ya koma. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, lefe kuwa ba ya cikin sharuɗɗan aure. Amma uwar amarya ta riga ta ƙirga akwatunan da aka kai gidan maƙwabta, kuma ba za ta yarda na 'yarta su gaza ba. A da gasar iyakarta unguwa. Yau waya ta kawo bikin 'ya'yan masu mulki har ɗakin talaka ta TikTok da Facebook, ana nuna gwal da motoci, ba a nuna bashin da masu kwaikwayo ke ci. An cire tallafin mai a 2023, abinci da sufuri suka yi tashin gwauron zabo, amma a gidaje da yawa akwati bai ragu ba. Saurayi ne ya ƙara shekaru bai yi aure ba, budurwa tana zaune. Fitinar da ke biyo bayan haka kowa ya san ta.

Wannan ido ne ya jefa mutane cikin MMM a 2016: sun ga ribar abokai, ba su tambayi tushenta ba, har aka rufe asusun a watan Disamba.

Hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito ya umurce mu, a abin duniya, da duban wanda ke ƙasa da mu, don kada mu raina ni'imar Allah. Saboda haka muna kira ga limamai da kwamitocin unguwanni su hana baje lefe a gaban 'yan kallo, a miƙa shi ga iyaye a rufe. Mawadatanmu su fara, domin su ake kallo.